Cibiyar Nauyi da Tasirin Ƙarfin Ciki da na Waje a Kan Motsinta: Nazari Daga Kwale-kwalen Fito na Gummi

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin wata ƙa'ida ta ilimin fiziks da harshen Hausa, wato yadda ƙarfin ciki da ƙarfin waje suke shafar motsin cibiyar nauyi. An ɗauki kwale-kwalen fito na ƙasar Gummi a matsayin abin nazari, saboda rayukan da ake asara a mashigan ruwa na wannan yanki. Maƙalar ta nuna cewa ƙarfin waje ne kaɗai yake iya sauya tafiyar cibiyar nauyi, amma ƙarfin ciki yana sauya zaman jirgi a ƙarƙashin wannan cibiya, kuma ta wannan kafa ce jirgi yake kifewa. Haka nan an duba kalmomin da suka dace a yi amfani da su wajen isar da wannan ilimi ga Bahaushe.

Fitilun Kalmomi: cibiyar nauyi, ƙarfin ciki, ƙarfin waje, tallafin ruwa, kwale-kwale, Gummi

1.0 Gabatarwa

Da safiyar Asabar, 14 ga watan Satumba na shekarar 2024, wani kwale-kwalen katako ɗauke da manoma ya kife a gulbin da ke kusa da garin Gummi, a yammacin Jihar Zamfara. Mutanen suna kan hanyarsu ce ta zuwa gonakinsu da ke tsallaken ruwa. Sanarwar ta'aziyya da ta fito daga Fadar Shugaban Ƙasa ta ambaci rasuwar manoma fiye da 40. Wannan kuwa ya auku ne a daminar da ambaliya ta riga ta raba ɗimbin mutanen yankin da muhallansu.

Gulbin Zamfara ya ratsa ƙasashen Anka da Bukkuyum da Gummi, ya wuce ta Jega a Jihar Kabi, kafin ya haɗu da Gulbin Sakkwato. Fadamunsa su ne rumbun abincin garuruwan da ke gaɓarsa. Saboda haka, da zarar ruwa ya kawo, manomin da gidansa yake wannan gaɓa, gonarsa kuma tana waccan, ba shi da wata hanya sai fito. Ke nan shiga kwale-kwale a irin wannan wuri ba yawon shan iska ba ne, neman abinci ne.

Manufar wannan maƙala ba binciken musabbabin wancan haɗari ba ce. Manufarta ita ce fayyace ƙa'idar da take mulkin kowane jirgin ruwa, babba ko ƙarami, cikin harshen da matuƙi da fasinjansa suke magana da shi. Akasarin bayanan da ake da su a kan wannan ƙa'ida suna cikin littattafan Ingilishi ne, alhali waɗanda suka fi buƙatarsu Hausa suke ji. Wannan giɓi ne ya sa batun ya shafi masu nazarin Hausa kai tsaye.

2.0 Matsalar Kalmomi

Aikin samar da keɓaɓɓun kalmomi ba sabo ba ne a fagen nazarin Hausa. Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace, wanda ya fito a 1990, ya share fage ta fuskar harshe da adabi. Fannonin kimiyya kuwa har yanzu suna da sauran aiki. Kafin shiga bayani, wajibi ne a tsayar da kalmomi huɗu.

Ta farko ita ce nauyi. A maganar yau da kullum, wannan kalma tana ɗauke da ma'anoni biyu da ilimin fiziks ya raba. Akwai yawan abin da jiki ya ƙunsa, wanda ake aunawa da kilo, kuma ba ya sauyawa duk inda aka kai shi. Akwai kuma ƙarfin da ƙasa take janyo wannan jiki da shi. Buhun gero mai kilo 100 yana nan da kilo 100 ɗinsa ko da an kai shi duniyar wata, amma a can ɗaukarsa ba za ta wuce kusan kashi ɗaya cikin shida na wahalar da ake sha a nan ba. A wannan maƙala an kira na farko nauyin zati, na biyu kuma nauyin janyowa.

Ta biyu ita ce janyowar ƙasa. Kafafen watsa labarai sukan ce maganaɗisun ƙasa, sai dai wannan yana kawo ruɗani, domin maganaɗisu wani ƙarfi ne daban, wanda yake kama ƙarfe ya bar itace da dutse, alhali ƙasa ba ta ware komai wajen janyowa.

Ta uku ita ce tallafin ruwa, wato turin da ruwa yake yi sama ga duk abin da aka tsoma a cikinsa. Duk wanda ya taɓa danna ƙwarya cikin randa ya ji wannan turi a hannunsa.

Ta huɗu ita ce cibiyar nauyi. An fifita cibiya a kan tsakiya da gangan. Tsakiya magana ce ta awon tsawo da faɗi, cibiya kuwa magana ce ta inda abu ya tattaru, kamar yadda ake cewa gari kaza cibiyar ciniki ne ko da yana gefen ƙasa. Bugu da ƙari, cibiyar nauyin mutumin da ke tsaye tana cikin ƙugunsa ne, ƙasa kaɗan da cibiyarsa ta haihuwa, don haka kalmar ta yi daidai har ta fuskar jiki. Malaman Larabci sun kira ta markazus siƙal, ma'anar kuwa ɗaya ce. A doron ƙasa, inda janyowa take daidai a kan dukkan sassan abu, cibiyar nauyin zati da ta nauyin janyowa wuri guda suke faɗawa, don haka suna ɗaya ya wadatar.

3.0 Ma'anar Cibiyar Nauyi

Cibiyar nauyi ita ce ɗigon da za a iya ɗauka cewa dukkan nauyin abu ya taru a kansa. In aka tokare abu daidai ƙarƙashin wannan ɗigo, zai tsaya ba tare da rinjaya ba. Mai talla da take gyara zaman faranti a kan gammo, wannan ɗigo take nema. Ɗan ga-ruwa da ya rataya garwa biyu a sanda, in ɗaya ta fi ɗaya cika, yakan gusa kafaɗarsa wajen wadda ta fi nauyi, shi ma ɗigon yake bi.

Cibiyar taɓarya tana tsakiyarta, domin kawunanta biyu daidai suke. Ta gatari ko fartanya tana kusa da ƙarfen, nesa da tsakiyar ƙota. Ta ƙwarya kuwa ba ta ma cikin jikin ƙwaryar, tana cikin sararin da ke cikinta. Wannan ya nuna cewa cibiyar nauyi ba wata gaɓa ba ce da ake taɓawa, wuri ne da lissafi yake nunawa.

Lissafin ba shi da wuya. A ɗauka mutum mai kilo 60 da yaro mai kilo 30 sun zauna a bakunan wani katako marar nauyin a-zo-a-gani, tsakaninsu mita 3. Cibiyarsu tana mita 1 daga babban, mita 2 daga yaron, saboda 60 sau 1 daidai yake da 30 sau 2. Kowane sashe yana jan cibiya wajensa gwargwadon nauyinsa.

Wannan sani daɗaɗɗe ne. Arkimidis na birnin Sirakus a tsibirin Sisili, wanda ya rasu a shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya yi rubutu a kan daidaiton ma'auni da kuma abubuwan da ke yawo a kan ruwa. Abdurrahman al-Khazini na birnin Marwa ya kammala littafinsa Mizanul Hikma a wajajen shekarar 515 ta Hijira, daidai da 1121, inda ya tattaro bayanan Ibnul Haisam da al-Ƙuhi a kan cibiyar nauyi. Waɗannan magabata sun fi mayar da hankali ga abin da yake tsaye. Bayanin motsin cibiyar ya kammala ne a littafin Principia na Niyuton, wanda aka buga a Ingila a 1687.

4.0 Ƙarfin Ciki da Ƙarfin Waje

4.1 Shata Iyaka

Ba a iya cewa ƙarfi na ciki ne ko na waje sai an fara shata iyakar abin da ake nazari. In abin nazarin shi ne kwale-kwale tare da duk wanda ke cikinsa, to turin da fasinja ya yi wa ɗan'uwansa, da takun ƙafarsa a kan katakon jirgi, da riƙon da matuƙi ya yi wa filafili, duk ƙarfin ciki ne. Janyowar ƙasa da tallafin ruwa da igiyar ruwa da iska da tokarin ƙasan gulbi kuwa ƙarfin waje ne, domin daga wajen iyakar suka fito. In kuma aka mayar da fasinja ɗaya shi kaɗai abin nazari, sai turin da katakon jirgi yake yi wa ƙafarsa ya koma na waje. Ke nan ciki da waje ba sifofin ƙarfi ba ne, sun dogara ga inda mai nazari ya ja layi.

4.2 Ƙa'idar

Doka ta uku ta Niyuton ta nuna cewa ƙarfi ba ya zuwa shi kaɗai. Duk abin da ya tura wani, wancan ma yana tura shi da ƙarfi daidai wa daida, ta fuskar da ta saɓa. In duka masu turin juna suna cikin iyaka guda, to idan aka tara ƙarfinsu sai ɗaya ya cinye ɗaya, babu saura. Haka abin yake ga kowane biyu-biyu na sassan da ke ciki, komai yawansu. Abin da ya rage bayan an gama tarawa shi ne ƙarfin waje kaɗai.

Daga nan ƙa'idar ta fito: jimillar ƙarfin waje daidai take da jimillar nauyin zati sau yawan sauyin gudun cibiyar nauyi. Ma'ana, in babu ƙarfin waje, ko kuma wanda ke akwai ya cinye juna, cibiyar da ke tsaye za ta ci gaba da tsayuwa, wadda ke tafiya kuma za ta ci gaba da tafiya a miƙe da gudunta, duk irin hargitsin da ake yi a ciki. Niyuton da kansa ya kawo wannan a matsayin sakamako na huɗu da ya biyo bayan dokokinsa uku.

Bahaushe ya san wannan a aikace. In mota ta kafe a laka, babu direban da zai ce fasinjoji su tura kujerun gabansu. Sauka ake yi, a kafa ƙafa a ƙasa, sannan a tura. Ƙarfin damtsen bai sauya ba, abin da ya sauya shi ne an sami abin dogaro a wajen motar.

4.3 Mutum Mai Tafiya a Cikin Jirgi

A ɗauka kwale-kwale mai kilo 240 yana tsaye a ruwa marar gudu, ba a ɗaure ba, da mutum ɗaya mai kilo 60 a bayansa. Mutumin ya taka mita 5 a kan katakon jirgin zuwa gaba. Takunsa ƙarfin ciki ne, don haka cibiyar nauyin su biyun ba za ta gusa ba. Hanya ɗaya da hakan zai yiwu ita ce jirgin ya ja baya. In aka ajiye jan da ruwa yake yi wa jikin jirgi a gefe, lissafi ya nuna jirgin zai koma baya da mita 1, mutumin kuma, ga mai kallo daga gaɓa, mita 4 kawai ya ci gaba. Hujja ita ce 60 sau 4 daidai yake da 240 sau 1.

Wannan shi ne sirrin abin da yakan faru a mashaya, inda mai gaggawa zai yi tsalle daga jirgi zuwa tudu, sai ya tsinci kansa cikin ruwa. Ya auna tsallen ne kamar yana kan ƙasa, amma wani kaso na yunƙurinsa ya tafi wajen tura jirgin baya. Shi ya sa gogaggen matuƙi yakan kafa gorarsa ko ya ɗaure jirgi kafin ya bari a sauka. Yin haka ya haɗa jirgin da ƙasa, ya samar masa da ƙarfin waje.

5.0 Abin da Ke Tafiyar da Jirgi

Mai tambaya zai iya cewa, in ƙarfin damtse na ciki ne, yaya matuƙi yake haye gulbi? Amsa ita ce ba damtsen ne yake tura jirgi kai tsaye ba. Filafili yana tura ruwa baya, ruwa kuma yana tura filafili gaba, ruwan kuwa a wajen iyaka yake. Gora tana tokarar ƙasan gulbi, ƙasan kuma tana tokarar gora. Jirgi mai inji ma haka ne, farfelarsa ruwa take watsawa baya. Kuzarin daga ciki yake fitowa, daga tuwon da matuƙi ya ci ko man da aka zuba wa inji, amma ba ya zama tafiya sai ya sami abin dafawa a waje. In aka ɗaga filafili sama ana kaɗa shi a iska, gumi kawai za a yi.

Akwai kuma ƙarfin wajen da ba a gayyace shi ba. Lokacin da gulbi ya cika, igiyar ruwa tana tura jirgi ta gefe, shi ya sa matuƙi yake karkata hancin jirgi wajen da ruwa yake fitowa domin ya sauka daidai mashigin da yake nufi. Tafiyar cibiyar nauyi tana bin jimillar waɗannan ƙarfafa ne, ba niyyar waɗanda ke ciki ba.

Ana ganin wannan ƙa'ida har a sararin sama. In manomi ya cilla garma sama, ƙota da ƙarfe za su yi ta juyawa, ido ya kasa bin su, amma cibiyar nauyinta tana bin lafiyayyen baka guda, irin wanda tsakuwa za ta bi. In yaro ya jefa hoge ya wargaje a sama, ɓarɓashin zai watsu, amma cibiyarsu tana nan a kan hanyar farko har sai ɗaya daga ciki ya taɓa ƙasa. Wargajewar aikin ciki ce, ba ta da iko a kan hanyar.

6.0 Yadda Jirgi Yake Kifewa

A nan ne ake yawan yi wa ƙa'idar gurguwar fahimta. Cewa ƙarfin ciki ba ya gusar da cibiyar nauyi ba ya nufin motsin fasinjoji ba shi da illa. Ƙa'idar ta tsare cibiya ne kawai, ba ta tsare jikin jirgi ba.

Jirgin da ke kan ruwa yana tsakanin ƙarfin waje guda biyu. Janyowar ƙasa tana jan sa ƙasa ta kan cibiyar nauyi. Tallafin ruwa yana tura shi sama ta kan wani ɗigo daban, wato cibiyar tallafi, wadda take tsakiyar ɓangaren jirgin da ya nutse. Muddin waɗannan ɗigo biyu suna kan layi guda daga sama zuwa ƙasa, jirgi yana zaune lafiya. Da zarar sun saɓa, sai ƙarfin biyu su zama kamar hannu biyu masu murɗa abu, ɗaya yana dannawa, ɗaya yana ɗagawa. In jirgi ya ɗan karkata, gefen da ya yi ƙasa yakan ƙara nutsewa, cibiyar tallafi ta gusa can, ta mayar da shi daidai. Wannan gyaran kai yana da iyaka, kuma masanin Faransa Pierre Bouguer ya fayyace lissafin iyakar a littafinsa kan ginin jiragen ruwa na 1746. Abubuwa huɗu ne suke cinye wannan iyaka.

Na farko, lodi. Bisa ƙa'idar Arkimidis, jirgi yana nutsewa ne har sai ya ture ruwa mai nauyi daidai da nasa. Kowane mutum mai kilo 60 yana buƙatar a ture lita 60 ta ruwa, wato sama da jarka biyu masu cin lita 25. A jirgi mai tsawon mita 10 da faɗin mita 1, kowane mutum guda yana ƙara nutsar da shi da kimanin milimita 6. Ido ba zai ga wannan ba, shi ya sa kullum ake ganin akwai wurin mutum ɗaya. Amma ƙarin mutum 20 santimita 12 ne, kuma daga tazarar da ke tsakanin ruwa da bakin jirgi ake cire su. Jirgin da bakinsa ya kusa ruwa ba shi da sararin karkata ya dawo.

Na biyu, tsayuwa. A ɗauka jirgi mai kilo 300 wanda cibiyarsa take santimita 20 daga gindinsa, ya ɗauki mutum 20 masu kilo 60 kowanne. In suna zaune a ƙasan jirgi, cibiyar kowannensu tana kimanin santimita 30 daga gindin, ta jirgi da mutane gaba ɗaya kuma tana santimita 28. In duka suka miƙe, ta kowannensu ta koma kimanin mita 1, ta gaba ɗaya kuma ta haura zuwa santimita 84, wato ninki uku. Ko wannan hawa ba ya saɓa wa ƙa'ida, domin a daidai lokacin miƙewar ƙafafu suna danna jirgi, ruwa kuma yana ƙara turi sama na ɗan lokaci. Sakamakon dai shi ne, cibiyar da ta yi sama karkata kaɗan take buƙata ta fice daga kan tallafinta. Ɗan kokawa ya san haka, shi ya sa yake buɗe ƙafa ya rage tsawo in abokin karawa ya kawo cafka.

Na uku, rinjaya gefe guda. A wannan jirgi dai, in mutum 10 suka gusa rabin mita zuwa dama, cibiyar nauyi ta matsa santimita 20 daga tsakiyar jirgin. Ga mai kallo daga gaɓa kusan ba ta gusa ba, jirgin ne ya zame hagu daga ƙarƙashinta, kamar yadda ya ja baya a misalin da ya gabata. A jirgin da faɗinsa mita 1 ne, wannan ba ƙaramar tazara ba ce. Abin da ya fi muni shi ne, in jirgi ya karkata, tsoro yakan sa mutane su miƙe su ruga ɗaya gefen a tare, sai ya dawo da ƙarfin da ya fi na farko.

Na huɗu, kayan da ba su zauna ba. Ruwan da ya shiga cikin jirgi yana gangarawa ne gefen da ya yi ƙasa, ya ƙara masa nauyi a daidai lokacin da ake son ya sauƙaƙa. Haka buhun da ba a danne ba, da babur, da dabbar da ta firgita. Don haka kwarfe ruwa ba tsafta ba ce kawai, tsaron rai ne.

Tarihi ya adana misali bayyananne. A ranar 10 ga Agusta, 1628, jirgin yaƙin Suwidin mai suna Vasa ya nutse a tashar Stokholm a fitarsa ta farko, bai yi tafiyar kilomita biyu ba. An gina shi da nauyi mai yawa a sama. Kafin tafiyar an gwada shi ta hanyar sa mutum 30 su riƙa gudu daga gefe zuwa gefe, aka dakatar da gwajin bayan zagaye uku don gudun kada ya kife a wurin. Duk da haka aka sake shi, iska ta kaɗa shi, ruwa ya shiga ta tagogin igwa. Iskar ƙarfin waje ce, amma tsarin ciki ne ya ba ta dama. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

7.0 Abin da Ya Rataya a Wuyan Masu Nazarin Hausa

Sarkawa da sauran masu sana'ar fito sun gaji ilimin ruwa mai zurfi. Umarnin matuƙi na a zauna, kada a motsa, a shimfiɗa kaya masu nauyi a ƙasa, a shiga ɗaya bayan ɗaya, duk ya yi daidai da abin da lissafi ya nuna. Abin da ya rage shi ne fasinja ya san dalili, domin umarnin da ba a san dalilinsa ba shi ake fara karyawa in hankali ya tashi, ko in rana ta yi kuma gona tana jira.

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A sha'anin lodin jirgi, kimar ido ba ta isa ba, tunda milimita 6 ba ta ganuwa. Ingila ta fuskanci irin wannan matsala a ƙarni na 19, har fafutukar ɗan majalisa Samuel Plimsoll ta kai ga dokar 1876 da ta wajabta zana alamar lodi a jikin jiragen ruwa. Layin fenti a jikin kwale-kwale, wanda Sarkin Ruwa da matuƙa suka amince da shi, zai ɗauke wa matuƙi nauyin jayayya da maƙwabcinsa ko surukinsa a bakin mashaya. Ba shi ya hana ba, layi ne ya hana. Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, mai hedikwata a Lakwaja, tana kira a kan sanya rigar kariya da guje wa lodi fiye da kima. Irin wannan kira zai fi shiga in ya zo da dalilinsa cikin Hausa mai daɗin ji.

Koyar da ƙa'idar ba ya buƙatar ɗakin gwaji. Ƙwarya da baho da tsakuwa sun isa. A sa ƙwarya a ruwa, a zuba tsakuwa a gindinta, a taɓa ta, za ta yi rawa ta dawo. A tara tsakuwar a gefe guda, ko a ɗora ta a kan faifai a bakin ƙwaryar, a sake taɓawa, ɗalibi zai ga bambancin da idonsa. Aikin da ke gaban masana harshe shi ne tattaro kalmomin da masu fito na Gummi da Anka da Bukkuyum suke amfani da su cikin Zamfarci, na sassan jirgi da halayen ruwa, a gwada su da waɗanda aka ba da shawara a nan, a tsayar da waɗanda suka fi zama a baki, sannan a shigar da su littattafan makaranta da shirye-shiryen rediyo.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa ƙarfin ciki, komai yawansa, yana cinye juna, don haka ba ya sauya tafiyar cibiyar nauyi. Ƙarfin waje ne kaɗai yake yin haka, kamar turin ruwa a kan filafili da tokarin ƙasa a kan gora. Sai dai motsin ciki yana sauya matsayin jirgi dangane da cibiyar, kuma da zarar cibiyar nauyi ta bar kan cibiyar tallafi fiye da yadda jirgi zai iya gyarawa, janyowar ƙasa da tallafin ruwa, waɗanda a da suke riƙe da shi, su ne za su juya shi. Cikar gulbi da iska ba a hannun ɗan'adam suke ba. Yawan waɗanda suka shiga jirgi, da inda suka zauna, da abin da suka yi lokacin da ya karkata, waɗannan suna hannunsa. Manomin Gummi da zai sake tsayawa a mashaya a damina mai zuwa yana da haƙƙin ya ji wannan bayani da harshensa.